Cinikin Tauraro a Gasar NBA: Wa Ya Ci, Wa Aka Ci?

Yau ƙwallon ƙafa zai ɗan huta mana, ƙwallon kwando za mu leƙa, can Amurka, a gasar NBA. Tambaya ɗaya ce a gabanmu: idan ƙungiya ta rabu da ɗan wasan da ya fi kowa a cikinta, da wane ma'auni za a gane ko ta ci riba ko an cuce ta?

Kafin mu shiga ciki, sai na ɗan share fage, domin galibinmu da kasuwar 'yan ƙwallon ƙafa muka saba. A Turai, idan ana son ɗan wasa kuɗi ake zubewa. PSG ta biya yuro miliyan 222 a 2017 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, kowa ya ji adadin, kowa ya yi lissafinsa. A NBA ba haka abin yake ba. Musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, kuma dokar gasar ta tanadi cewa albashin waɗanda aka bayar da na waɗanda aka karɓa su yi kusa da juna, saboda akwai iyakar da aka gindaya wa kowace ƙungiya a kan abin da za ta kashe wajen biyan albashi. Tsabar kuɗin da aka yarda a ɗora a kan ciniki kaɗan ne, bai taka kara ya karya ba. Ɗan wasan kuwa, da kwantiraginsa ake tura shi, kuma in ban da 'yan ƙalilan da suka sa sharaɗi a takardunsu, ba a neman yardarsa. Yana iya kwanciya ɗan wata ƙungiya, ya wayi gari ɗan wata.

To mene ne kuɗin wannan kasuwa? Gurbin zaɓen sababbin 'yan wasa. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar. Kowace shekara, a watan Yuni, sukan zauna su zaɓi matasan da suka fito daga jami'o'in Amurka da sauran ƙasashen duniya, zagaye biyu, kowace ƙungiya da gurbinta a kowane zagaye. Wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke da damar zaɓa da wuri, sai dai ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen neman kofi ba sai an jefa musu ƙuri'a a kan guraben farko. Wannan gurbi ana sayar da shi, har na shekaru 7 masu zuwa. Saboda haka idan ka ji an ce ƙungiya ta karɓi gurbin wata ƙungiya na shekara kaza, ma'anarsa ta sayi rabon da zai faɗo wa waccan ƙungiya idan ta lalace. Akwai ma doka da ta hana ƙungiya sayar da gurabenta na zagayen farko na shekaru biyu a jere, ana kiranta da sunan Ted Stepien, wani mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta watsar da guraben ƙungiyarsa har sai da hukumar gasar ta taka masa birki.

Tsofaffin masana wasan suna da wata magana, cewa duk ƙungiyar da ta bayar da ɗan wasa mafi ƙwarewa a cikin ciniki, ita ce ta faɗi. Suna da hujja. Mutum biyar ne kawai a fili daga kowane ɓangare, kuma tauraro yakan buga kusan minti 36 ko fiye daga cikin 48, ƙwallo na bi ta hannunsa a kusan kowane hari. 'Yan wasa huɗu masu matsakaicin ƙwazo ba sa maye gurbin gwani ɗaya, domin ba za ka zuba su duka a wurinsa ba. A 1975 Milwaukee ta tura Kareem Abdul-Jabbar zuwa Lakers bayan ya nemi a sake shi. Shi ne ya ci mata kofi a 1971. Ta karɓi mutum huɗu, wasunsu sun yi mata aiki na shekaru, ba laifi. Amma Kareem ya je ya ɗaga kofi 5 a Lakers, Milwaukee kuwa ba ta sake ganin kofi ba sai 2021, shekara 50 cif bayan na farko, a hannun Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka.

Ni dai ina ganin wannan tsohuwar magana rabin gaskiya ce. Idan aka tsaya ana jera sunaye, wane ya fi wane, kullum mai sayarwa zai fito a matsayin wanda aka ci. Abin da nake fara tambaya idan na ji labarin irin wannan ciniki shi ne: a cikin ɓangarorin biyu, wa ya ƙagu? Wa lokaci ya ƙure wa, wa kuma yake da halin ya naɗe hannu ya jira? Farashin tauraro a wannan gasa daga nan yake fitowa, kuma in ka gano amsar, sau da yawa za ka iya faɗin yadda labarin zai ƙare tun kafin a buga wasa ɗaya.

Bari mu fara da mutumin da muke iya cewa namu ne. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo cikin kwando. A watan Agustan 2010 ƙungiyar Denver Nuggets ta damƙa masa ragamar harkokin 'yan wasanta, ya tarar da wuta tana ci. Carmelo Anthony, tauraron ƙungiyar tun 2003, ya ƙi sa hannu a sabon kwantiragi, kuma duniya ta san New York yake so. Kwantiraginsa na dab da ƙarewa. A ka'ida, idan kwantiragi ya ƙare ɗan wasa ya zama mai 'yancin kansa, ya tafi inda ya ga dama, ƙungiyarsa ta tashi a tutar babu ko kusa da haka. Watanni kaɗan kafin nan LeBron James ya bar Cleveland, Chris Bosh ya bar Toronto, inda Ujiri yake mataimakin manaja a lokacin. Cleveland da ta ci wasa 61 cikin 82 tare da LeBron, da ya tafi 19 kacal ta iya ci. Ujiri ya ga wannan da idonsa.

A zahiri shi ne ya kamata ya ƙagu. Amma bai nuna ba. Ya ja abin wata da watanni, ana ta zaginsa cewa sabon shiga ne bai san abin da yake yi ba. Abin da ya yi shi ne ya shigo da mai taya na biyu, ƙungiyar Nets, wadda a lokacin take New Jersey tana shirin komawa Brooklyn, wato cikin birnin New York ɗin kansa, kuma attajirin Rasha Mikhail Prokhorov ya saye ta yana neman babban suna da zai buɗe sabon gida da shi. Shugabannin Knicks ta New York suka ga in suka yi sake maƙwabci zai ɗauke musu Carmelo a ƙofar gida. Nan take ƙaguwar ta tashi daga Denver ta koma New York. A watan Fabrairun 2011 Knicks ta miƙa Danilo Gallinari da Wilson Chandler da Raymond Felton da Timofey Mozgov, ta ƙara da guraben zaɓe, har da yarjejeniyar cewa a 2016 Denver na da haƙƙin musayar gurbinta da na Knicks idan na Knicks ya fi kyau.

Me ya biyo baya? Denver ba ta durƙushe ba. A kakar 2012 zuwa 2013 ta ci wasa 57 ba tare da wani babban tauraro ba, aka ba Ujiri lambar manajan shekara. Knicks kuma, duk tsawon zaman Carmelo a cikinta, sau ɗaya ta tsallake zagayen farko na neman kofi. Da 2016 ta zo, Knicks na cikin halin ni-'yasu, Denver ta yi amfani da haƙƙin nan ta samu gurbi na 7, ta zaɓi Jamal Murray, wanda tare da Nikola Jokic suka kawo mata kofinta na farko a 2023. Kada mu cika masa ciki, Ujiri ya bar Denver tun 2013, ba shi ya zaɓi Murray ba, ba shi ya gano Jokic ba. Amma layin nan guda da ya nace aka rubuta a takarda a 2011, shi ya buɗe ƙofar.

Shekara 7 bayan haka Ujiri ya koma ɗaya ɓangaren teburin, yana shugabantar Toronto Raptors a Kanada, ya zama mai saye. San Antonio Spurs tana da Kawhi Leonard, wanda ya buga wasa 9 kacal a kakar 2017 zuwa 2018 saboda rauni, dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da ƙungiyar, ya ce shi fa sai tafiya, kuma shekara ɗaya ta rage masa. Kowa ya san Los Angeles zuciyarsa take, don haka masu taya suka ja baya, ba wanda ke son ya zuba dukiya a kan mutumin da zai yi masa zaman haya na shekara guda. Spurs ta karɓi abin da ya samu: DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da gurbin zaɓe ɗaya, ta haɗa wa Toronto da Danny Green. Toronto ta ci kofi a 2019, ta doke Golden State 4 da 2, kofin farko da ya taɓa ƙetare iyakar Amurka. Spurs kuwa sau ɗaya ta shiga zagayen neman kofi da DeRozan, aka fitar da ita a zagayen farko. Shin Spurs ta yi wauta? Ban ce ba. Lokaci ne ya ƙure mata, kuma kowa a kasuwa ya san haka.

Yanzu ku biyo ni, domin Kawhi ɗin nan shi ne ya haifar da cinikin da a ganina ya fi kowane riba a wannan zamani. Bayan ya ɗaga kofi a Toronto, kwantiraginsa ya ƙare a Yulin 2019. Lakers na nemansa, Clippers na nemansa, dukansu ƙungiyoyin Los Angeles, Toronto na roƙonsa ya zauna. Clippers ta fahimci cewa ba zai zo ba sai ta kawo masa abokin tafiya, kuma wanda yake so shi ne Paul George na Oklahoma City Thunder. George a lokacin yana kan ganiyarsa, shi ya zo na uku a zaɓen gwarzon shekara, kuma shekara ɗaya kacal da sa hannu a dogon kwantiragi da Oklahoma. Ya je ya nemi a sake shi. Manajan Oklahoma, Sam Presti, ba abin da ya tilasta masa, yana da George a hannu na wasu shekaru. Clippers kuwa kwanaki kaɗan gare ta, in ba ta samu George ba ta rasa Kawhi, wataƙila ma ta gan shi sanye da rigar Lakers, waɗanda a lokacin filin wasa ɗaya suke amfani da shi. Wato Clippers farashin mutum biyu take biya, amma aljihun Oklahoma kaɗai kuɗin ke shiga.

Presti bai ji kunya ba. Ya karɓi guraben zagayen farko guda 5, da haƙƙin musayar gurbi sau 2, da Danilo Gallinari (shi dai wannan bawan Allah kamar an rubuta masa ya riƙa fitowa a kowane babban ciniki), da wani siririn yaro ɗan Kanada da ya buga kaka ɗaya tak, yana cin maki ƙasa da 11 a kowane wasa, mai suna Shai Gilgeous-Alexander. A daren da aka yi cinikin, guraben 5 kowa ke magana a kai, sunan yaron a ƙarshen jumla yake zuwa.

Kuma riba ba ta zo da wuri ba, wannan shi ne abin da masu yabon Presti a yau suke mantawa. Bayan kaka ɗaya mai ɗan kyau, Oklahoma ta sauka ƙasa da gangan. Ta ci wasa 22 a kakar 2020 zuwa 2021, ta ci 24 a ta gaba. A daidai wannan lokaci Clippers ta kai wasan ƙarshe na shiyyar yamma a 2021, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihinta, kuma George ne ya ja ta zuwa can bayan Kawhi ya ji rauni. Duk wanda ya yanke hukunci a 2021 zai ce Clippers ba ta yi asara ba. Sai ga 2022, Clippers ta kasa shiga zagayen neman kofi, gurbinta ya faɗo na 12, yana hannun Oklahoma, aka zaɓi Jalen Williams da shi. Daga nan lissafi ya fara juyawa: wasa 40, sai 57, sai 68 a kakar 2024 zuwa 2025. Gilgeous-Alexander ya zama wanda ya fi kowa cin maki a gasar, sama da 32 a kowane wasa, ya zama gwarzon shekara. A Yunin 2025 Oklahoma ta doke Indiana Pacers 4 da 3 ta ɗauki kofi, Jalen Williams ya zuba maki 40 a wasa na biyar. George fa? Tun 2024 kwantiraginsa ya ƙare ya wuce Philadelphia, Clippers ba ta samu ko allura a madadinsa ba.

Na Boston ma haka yake, sai dai shi ya fi ɗaukar lokaci. A 2013 manajanta Danny Ainge ya tura Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai shekara 35 zuwa Brooklyn, wajen Prokhorov ɗin nan dai da ke gaggawar kofi. Ya karɓi guraben 2014 da 2016 da 2018 da haƙƙin musaya a 2017. Tsofaffin suka gaji, Brooklyn ta ruguje, gurabenta suka zama zinariya a hannun Boston. Daga ciki aka samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, su biyun suka kawo kofi na 18 a 2024. Shekara 11 tsakanin ciniki da ribarsa. Manajoji nawa ne ake yi wa haƙurin shekara 11?

Kada wani ya ɗauka ina cewa tara gurabe shi ne magani. New Orleans Pelicans ta sayar da Anthony Davis ga Lakers a 2019 a farashi mai tsoka: Brandon Ingram da Lonzo Ball da Josh Hart da guraben zagayen farko guda 3. A ranar, masana sun yaba mata. Lakers ta ci kofi a 2020. Pelicans ta shiga zagayen neman kofi a 2022 da 2024, duka a zagayen farko aka sallame ta, kuma zuwa Fabrairun 2025 babu ko ɗaya daga cikin mutum ukun nan da ya rage a ƙungiyar. Ciniki ya yi kyau, abin da aka yi da kayan bayan an kai gida shi ne bai yi ba. Gurbi takarda ce, sai an samu mai idon da zai zaɓa, da mai horarwar da zai raini yaron, da likitocin da za su riƙe lafiyarsa. Shi kansa Presti yana da tabo. A 2012, bayan Oklahoma ta kai wasan ƙarshe, suka kasa daidaitawa da James Harden a kan kuɗi, ya tura shi Houston yana ɗan shekara 23. Harden ya zama gwarzon shekara a 2018. Darasin da ke ciki a fili yake: sayar da mai shekara 35 daban, sayar da wanda bai ma kai ganiyarsa ba daban.

Wannan ya kawo mu kan cinikin da ya girgiza duniyar kwando. Da sanyin safiyar Lahadi 2 ga Fabrairun 2025 a agogon Najeriya da Nijar, labari ya ɓulla cewa Dallas Mavericks ta ba Lakers Luka Doncic. Mutane da yawa sun ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya fitar da labarin kutse ne a shafinsa. Doncic ɗan Sulobeniya ne, ya taso a ƙungiyar kwando ta Real Madrid, shekararsa 25 a lokacin. Sau 5 a jere ana sa shi cikin mutum biyar mafiya ƙwarewa a gasar baki ɗaya. Shi ya fi kowa cin maki a kakar da ta gabata, kusan 34 a kowane wasa, kuma watanni 8 kafin nan shi ya kai Dallas wasan ƙarshe, inda Boston ɗin su Tatum ta doke su 4 da 1. Bai ce zai tafi ba. Bai ma san ana maganar ba. Abin da Dallas ta karɓa: Anthony Davis mai shekara 31, da matashi Max Christie, da gurbin zagayen farko guda ɗaya na 2029.

Adalci ya sa mu saurari manajan Dallas, Nico Harrison. Hujjarsa ita ce tsaron gida ke cin kofi, kuma Davis na cikin manyan masu tsaro a duniya, in aka haɗa shi da Kyrie Irving za a iya cin kofi cikin shekara biyu ko uku. Rahotanni sun kuma ce shugabannin ƙungiyar na da damuwa a kan yadda Doncic ke kula da jikinsa, ga shi tun ranar Kirsimeti yana jinyar rauni a ƙafa, ga kuma kwantiragin dala miliyan 345 na shekara 5 da ya cancanci a ba shi a bazarar 2025. Sannan akwai dalilin da ya sa aka yi abin a asirce, kuma ba dalilin banza ba ne: da labari ya fita, Doncic na iya cewa ga inda yake so ga inda ba ya so, masu taya su watse kamar yadda aka yi wa Spurs.

Na saurara, amma ban gamsu ba. A ce ma duk damuwar nan gaskiya ce, a ce dole ne a rabu da shi. To ai ko bijimi za ka sayar ba ka miƙa shi ga mutum na farko da ya ƙwanƙwasa maka ƙofa da dare, kara kake kai shi dillalai su kewaye shi a yi ta tayi. Harrison ya zauna da manajan Lakers, Rob Pelinka, suka ƙulla abin tsakaninsu, galibin sauran ƙungiyoyi a labarai suka ji kamar ni da ku. Ku dubi farashin kasuwa a lokacin. Watanni 7 kafin nan Knicks ta ba Brooklyn guraben zagayen farko guda 5 a kan Mikal Bridges, ɗan wasa mai kyau amma wanda ba a taɓa zaɓarsa a wasan taurari ba. Utah ta karɓi gurabe 4 da tarin 'yan wasa a kan Rudy Gobert a 2022. Doncic, wanda ya fi su nesa ba kusa ba, gurbi ɗaya. Lakers ta tashi daga teburin tana riƙe da gurbinta na 2031, tana riƙe da ɗan wasanta Austin Reaves. A duk cinikin da muka zayyana, mai sayarwa ko dai lokaci ne ya ƙure masa, ko kuma ya samu wanda lokaci ya ƙure wa ya matse shi. Dallas ba ta cikin matsi, ita ta ɗauki ƙaguwar ta aza wa kanta, kuma ta sayi shekaru biyu ko uku na Davis da shekaru goma na Doncic.

Abin da ya faru bayan nan an sani. Davis ya ji rauni a wasansa na farko a rigar Dallas. Irving ya tsinke jijiyar gwiwa a watan Maris. Ƙungiyar ta ƙare da nasara 39, ba ta shiga zagayen neman kofi ba. Raunin Irving ƙaddara ce, ba zan ɗora wa Harrison ba. Na Davis kuwa, duk mai bin gasar ya san tarihin jikinsa, wanda ya saye shi da wannan tarihin ya saye shi.

Sai kuma ga wani abin mamaki. A watan Mayun 2025 aka jefa ƙuri'a, Dallas da damarta ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba ta fito ta farko, ta zaɓi Cooper Flagg, matashin da kowace ƙungiya ke mafarki. Nan wasu suka fara cewa ashe cinikin alheri ne. A'a, jama'a, mu raba hatsi da tsakuwa. Gurbin da ya kawo Flagg na Dallas ne tun asali, ba ya cikin abin da Lakers ta bayar. Ya zama mai daraja ne saboda ƙungiyar ta lalace, alhali wanda ya yi cinikin cewa ya yi kofi yake nema a lokacin. Rabo ne ya rantse, kuma ko Flagg ya zama gwanin gwanaye nan gaba, ba za a rubuta shi a shafin ribar cinikin Doncic ba. Murray da Jalen Williams da Tatum an rubuta hanyarsu a takardar ciniki tun ranar farko. Flagg daga cikin kwanon ƙuri'a ya fito.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin maki. Mutanen Dallas sun saba da Dirk Nowitzki, Bajamushen da ya yi kaka 21 a ƙungiyar bai taɓa sa rigar wata ba, ya ci musu kofi a 2011, aka kafa masa mutum-mutumi a ƙofar filin wasa. Sun ɗauka Doncic ne magajinsa. Da aka yi cinikin suka fito zanga-zanga a gaban filin, suka yi ta rera kiran a kori Nico a wasa bayan wasa. Nowitzki da kansa ya tashi ya tafi Los Angeles ya zauna kallon wasan Doncic na farko a rigar Lakers. Da Doncic ya dawo Dallas a watan Afrilu a matsayin baƙo, ya zuba maki 45, 'yan kallon gida suna yi masa tafi. A watan Agusta ya sa hannu a sabon kwantiragi da Lakers, shekara 3, dala miliyan 165. A watan Nuwamban 2025, wata 9 bayan cinikin, masu ƙungiyar suka sallami Harrison.

Na faɗa ɗazu cewa irin wannan ciniki yakan ɗauki shekaru kafin a ga ƙarshensa, kuma wanda ya yi saurin yanke wa Oklahoma ko Boston hukunci ya ji kunya. Sakamako kam sai a jira shi. Amma yadda aka yi ciniki ana iya auna shi tun ranar da aka yi, da abin da kowa ya sani a ranar. Da wannan ma'auni, Ujiri a Denver ya ci, Presti a kan George ya ci, Ainge ya ci, Spurs ta tsira da abin da za ta iya. Dallas kuwa ta sayar da ɗan shekara 25 da bai nemi tafiya ba, ga mai taya ɗaya, a kan gurbi ɗaya. Ko Lakers ba ta taɓa cin kofi da Doncic ba, hukuncina a kan wannan ciniki ba zai canza ba: an ci Dallas, kuma da hannunta ta miƙa wuya.